Ƙwannafin dare: a duba shimfiɗa

Manoma ƴan uwa, akwai wanda zai wuni gona lafiya lau, amma da ya ci tuwon dare ya miƙe bisa tabarma sai ƙirji ya kama zafi, ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro. Kwana ya gagara, da safe ya tashi ba ƙarfin riƙe hauya. Wannan shi ne ƙwannafi. Mata masu ciki sun fi kowa saninsa.

Cikin mutum kamar gora yake, da ruwa mai tsami wanda ke narkar da abinci. In kana tsaye, bakin gorar yana sama. In ka kwanta da cikakken ciki, ruwan sai ya gangaro bakin, ya bi hanyar abinci ya hau.

To, bakin nan ya fi karkata wajen dama. Shi ya sa mai kwanciya bisa hannun hagu ruwan ke zama ƙasa, mai kwanciya bisa dama ko rigingine yake shan wahala. Mun san da yawa cikinmu da dama muke fara kwanciya, yadda aka koya mana. Wanda ƙwannafi ya dame shi yana iya farawa hakanan, ya yi addu'arsa, sannan ya juya hagu.

Sai ɗaga wajen kai. Kada ka tara matasai. Wuya kaɗai suke ɗagawa, su lanƙwashe ka a tsakiya, ciki ya matsu, abin ya ƙaru. Ana so jiki ya gangara tun daga kai har ƙugu. Mai gado ya sa tubali ƙarƙashin ƙafafu biyu na wajen kai, tsawon santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi guda, ya girgiza gadon ya tabbata ya zauna daram. Mai kwana ƙasa ya ɗebo rairayi ya yi tudu mai gangare, ya daddaɓe, ya shimfiɗa tabarma bisa. Ba a kashe ko dala.

Tsakanin tuwo da kwanciya a bar awa 3. Ka ci bayan magariba, ka yi lisha, ka taɓa hira. Hurar da ake sha a bakin shimfiɗa ita ma abinci ce. A rage mai da tonka a miyar dare, a bar shayi, goro da taba. A sassauta mazagin wando ko ɗaurin zane.

Wasu na jiƙa kanwa su sha. Tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishirinta bai dace da mai hawan jini ko mai ciki ba.

In abinci ya fara tsaya maka a ƙirji, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko kana ramewa, tafi likita. In zafin ƙirji ya zo da zufa yana sauka hannu, kada a jira safiya.