Ibro ɗin da ke cikin wayarka, ka san shi kuwa?

Buɗe WhatsApp ɗinka ka duba sitika. Na tabbata akwai fuskar Ibro aƙalla guda ɗaya a ciki, ko ya zaro ido, ko ya karkace baki. A TikTok ma haka, muryarsa ake ɗorawa a kan bidiyon da ba ruwansa da shi. Kwanaki na tambayi wani ƙanena sunan mutumin na gaskiya, sai ya yi tsuru-tsuru, alhali sitikarsa ta fi ashirin a wayar yaron.

Sunansa Rabilu Musa, ɗan garin Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. An haife shi a 1971, ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014. Ina ɗan firamare a lokacin, amma ban manta da ranar ba. Mu a Baturiya, can yankin Haɗeja, gidan kallo muka san shi: benci, janareta mai hayaƙi, da faifan da aka sayo daga Haɗeja wanda ya sha karce har yana tsalle. Masunta su dawo daga fadama a gajiye, su biya kuɗin shiga su zauna. In fim ɗin soyayya aka sa, dattawa sukan zame. In Ibro ne, ba mai motsi.

Abin da sitika ba za ta gaya maka ba shi ne, mutumin nan bai faɗo daga sama cikin kyamara ba. Ya yi karatu a kwalejin horon malamai ta Wudil, kuma a wasan daɓe ya goge, irin wanda ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ke yi a fili gaban jama'a. A daɓe babu "a sake". In ka saki magana ba ta ba da dariya ba, nan take za ka gani a fuskokin mutane, dole ka nemi mafita kafin su watse. Ni a ganina daga nan ya samo saurin bakin nan nasa, da sanin inda zai ɗan yi shiru kafin ya saki magana. Ka koma ka kalli kowace fitowa tasa a tsanake, ka lura da shirun. Sau da yawa dariyar a can take.

Ya kuma yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi fim gaba ɗaya. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Finafinansa sun bi abin da duniya ke ciki. Ana maganar Usama bin Laden, sai ga Ibro Usama. Waƙoƙin Awilo Longomba na Kongo sun cika gari, sai ga Ibro Awilo. Abin da masu barkwanci na intanet ke yi yau kenan, hawa kan abin da ake yayi, shi kuwa ya yi shi tun zamanin kaset. Ba duka ne suka yi kyau ba fa. Wasu an yi su a gaggauce, labarin ba kai ba gindi, kuma yadda yake kwaikwayon wasu ƙabilu yau sai an yi ta cece-kuce a kai. Amma ko a fim mara daɗi, da ya shigo sai wurin ya farfaɗo.

Sai 2008. Masana'antar tana cikin matsi, hukumar tace finafinai ta Kano ƙarƙashin Abubakar Rabo tana kame, an riga an ɗaure Adam A. Zango a 2007. Kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro wata biyu a gidan yari, bisa zargin rawar da ba ta dace ba a fim ɗin Ibro Aloko da kuma gudanar da kamfani ba rajista. Mutane da yawa sun ɗauka ainihin laifin shi ne waƙar "Mamar", wadda ake ganin shaguɓe ce ga masu mulkin lokacin. Ka ga tsohon gandiroba ya koma gidan yari, wannan karon a matsayin ɗan fursuna. Da ya fito bai bar sana'ar ba, ya ci gaba har ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu yana da shekara 43 ba kwana biyu, aka binne shi a Ɗanlasan.

A ajinmu na koyon aikin jarida an ba mu aikin nazarin fim ɗaya na barkwanci, na zaɓi nasa. Nan na sha mamaki. Guntaye sun cika YouTube da Facebook, amma samun tsohon fim cikakke, da sunayen waɗanda suka yi aikin da shekarar da ya fito, sai da na yi kwana uku ina nema. Wanda na samu ma an yanke farkonsa, an manna tallar wani shafi a kan fuskarsa.

Hutun da ya wuce na je gida, na leƙa tsohon gidan kallon namu. Yanzu ƙwallon Turai kawai ake nunawa. Na tambayi mai wurin ina faya-fayan Ibro, ya ce ruwan da ya shiga ɗakin wata damina ya lalata mafi yawansu, sauran kuma yara sun rataye su a gona suna korar jan-baki daga shinkafa.