Abin Da Ke Cinye Guringuntsin Gwiwa

Tsofaffi da yawa suna kukan ciwon gwiwa. Tashi wahala, durƙuso wahala, har noma ya gagara. Sau da yawa tushen ciwon shi ne lalacewar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin wannan ciwon gaɓoɓi.

Guringuntsi shi ne farin abin nan mai santsi da ake gani a kan ƙashin cinyar kaza. Mutum ma yana da shi a gaɓoɓinsa. Shi ke hana ƙashi ya gogi ƙashi. Kaurinsa a gwiwa galibi milimita 2 zuwa 4 ne, kamar ƙwayar dawa.

Guringuntsi kamar katangar ƙasa yake. Fiye da rabinsa ruwa ne. Akwai kuma siraran zare masu ƙarfi da ke riƙe shi, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. A cikin wannan katanga akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Su ne magina. Su suka gina katangar, su ke yi mata yaɓe, a cikinta kuma suke zaune.

Ƙwayoyin nan suna manne da zaren da ke kewaye da su. Muddin suna manne, suna nan da rai. Idan katangar ta zaizaye, sai su rasa abin kamawa, su mutu. Da zarar magina sun ragu, babu mai yaɓe, sai katangar ta ƙara zubewa. Haka ciwon yake ƙaruwa a hankali.

Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Abincinsa yana cikin ruwan nan mai yauƙi na cikin gaɓa. Idan mutum ya taka ƙasa, guringuntsi ya matse kamar soso. Idan ya ɗaga ƙafa, sai ya tsotsi sabon ruwa. Ashe ke nan yawan kwanciya yunwa ce gare shi. Tun a 1743 wani likita a Ingila, William Hunter, ya lura cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake.

Abubuwan da ke ɓata shi su ne tsufa, ƙiba, mugun targaɗe, karaya a gaɓa, da yawan ɗaukar kaya fiye da kima.

Saboda haka a riƙa tafiya da motsa gaɓoɓi kullum, daidai ƙarfi. A raba kaya masu nauyi gida biyu, ko a sa a amalanke. Mai ƙiba ya yi ƙoƙarin ragewa. Idan gwiwa ta kumbura ko ta ƙi lanƙwasuwa, kada a yi tsaga, a je asibiti da wuri. Rigakafi ya fi magani.