Wata takwas ana shari'ar kujerar shugaban Ghana, kasuwa kuma tana jira

Duk ɗan kasuwar da ya zauna a Ghana cikin 2013 zai iya tuna yadda hantsi kan kasance a Nima, ko Aboabo a Kumasi, ko cikin kasuwar Tamale. Rediyo a kan tebur, mai shago da yaransa sun kasa kunne, mai saye ya zo ya tsaya shi ma ya manta abin da ya kawo shi. Ba ƙwallo ake sauraro ba, zaman Kotun Ƙoli ne, kai tsaye, ana shari'a a kan wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

An yi zaɓen ranar 7 ga Disamba 2012, aka ƙarasa washegari a wuraren da na'urar tantance yatsa ta ba da matsala. Shugaban hukumar zaɓe, Kwadwo Afari-Gyan, ya bayyana cewa John Dramani Mahama na NDC ya samu kashi 50.70 cikin ɗari, Nana Akufo-Addo na NPP kuma 47.74. Tazarar ta haura ƙuri'a dubu 300, sai mutum ya ce to ina abin rigima? Rigimar tana cikin dokar ƙasar: ba a zama shugaba a Ghana sai an haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Abin da Mahama ya ɗora a kan rabin nan bai kai dubu 80 ba, cikin ƙuri'u kusan miliyan 11. Da za a zaftare wannan ɗan ragowar, sai an koma zagaye na biyu.

Ranar 28 ga Disamba mutum uku suka shigar da ƙara: Akufo-Addo, da abokin takararsa Mahamudu Bawumia, da shugaban jam'iyyarsu Jake Obetsebi-Lamptey. Ƙarar ba ta hana rantsar da Mahama ranar 7 ga Janairu 2013 ba. Ga shugaba a kan kujera yana mulki, ga alƙalai tara ƙarƙashin William Atuguba suna duba ko kujerar tasa ce.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Da sun ji an tafi kotu, sai su ɗauka za a kwaso akwatuna a zazzage a sake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Ba haka aka yi ba. A Ghana ana ƙirga ƙuri'a ne a rumfar zaɓe a gaban jama'a, kuma wakilin ɗan takara da bai gamsu ba nan take yake neman a sake ƙirgawa. Da an gama sai a cike takardar sakamako mai launin ruwan hoda, jami'in rumfa da wakilai su sa hannu. Waɗannan takardu su ne kayan shari'ar gaba ɗaya. Rumfunan sun kai dubu 26, masu ƙara suka ce akwai aibu a fiye da dubu 10, suna neman a soke ƙuri'u wajen miliyan huɗu.

Aibun da suka lissafa kuwa, ɗan kasuwa zai gane shi tun kafin lauya ya yi bayani. A wata rumfar ƙuri'un da ke cikin akwati sun fi takardun da aka raba. A wata an ce mutane sun kaɗa ba tare da na'ura ta tantance su ba. Wasu takardun lambarsu ɗaya da ta wata rumfar. Wasu kuma jami'in bai sa hannu ba sam.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ɗaure kai, a ganina. Ka ɗauka ka aiko buhu ɗari na albasa daga Agadez, kaya sun sauka lafiya, dillali ya ƙirga, yaronka ya ƙirga, duk sun shaida ɗari ne, sai aka duba rasit babu sa hannun akawu. Shin kayan ba su zo ba ke nan? Lauyoyin masu ƙara, Philip Addison na gaba, suka ce tsarin mulki ya wajabta sa hannun, abin da aka wajabta kuwa ba a yi masa kwaskwarima. Ɓangaren su Tsatsu Tsikata suka ce wakilan jam'iyyu sun sa nasu hannun ba su yi ƙorafi ba, don me tsohuwar da ta sha rana a layi za ta yi asarar ƙuri'arta saboda sakacin ma'aikaci? Kowanne da gaskiyarsa, shi ya sa alƙalan ma suka rabu.

An soma sauraron shaida a tsakiyar Afrilu. Bawumia, tsohon mataimakin gwamnan babban bankin ƙasar, ya kwashe kwanaki a akwatin shaida ana yi masa tambayoyi takarda bayan takarda. Har yawan takardun da aka miƙa wa kotu sai da aka yi gardama a kai, aka kira kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya ƙirga. Abin dariya, sake ƙirgar da aka yi ke nan: ta takardu, ba ta ƙuri'u ba. Kotun kuma ba ta yi wasa da bakin mutane ba. Ɗan jarida Ken Kuranchie ya yi kwana 10 a kurkuku, wani mai magana da yawun NDC, Stephen Atubiga, kwana 3, duk saboda raina kotu. Daga nan masu surutun rediyo suka fara tauna magana.

Wata takwas ba ƙaramin abu ba ne ga mai juya kuɗi. Mai ba da bashin kaya yana jan ƙafa, mai son ƙaro kaya yana cewa bari a ga hukunci, uwargida a gida tana tambaya ko a tura yara wajen dangi. A zango kuma akwai tsohon tabo. Dattawa ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance suka kama hanyar Najeriya da Nijar. Yawancin mutanen zango yau 'yan ƙasa ne haihuwar nan, da ƙuri'arsu a hannu. Amma wanda ya zo fatauci da katin ECOWAS, in siyasa ta yi zafi shi ake fara nuna wa yatsa, shi ya sa masu hankali ke riƙe takardunsu a kusa su kuma bar gardamar ga masu ƙasa.

Ranar 29 ga Agusta 2013 aka baza jami'an tsaro, gari ya yi tsit. Atuguba ya karanta hukuncin cikin 'yan mintuna. Batun maimaita lambobi an yi watsi da shi da murya ɗaya, batun sa hannu kuwa da kyar, biyar da huɗu. Mahama ya tsira da kujerarsa. A ranar Akufo-Addo ya fito ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa, ba zai nemi a sake dubawa ba, ya kuma kira Mahama ya taya shi murna. Washegari aka buɗe shaguna.

Bayan haka an gyara ƙa'ida aka taƙaita lokacin irin wannan shari'a zuwa kwana 42. Da aka yi zaɓen 2020 sai reshe ya juye: Akufo-Addo a kan kujera, Mahama a kotu, alƙalai bakwai suka kori ƙararsa ranar 4 ga Maris 2021. A Disamba 2024 kuwa Bawumia, mutumin nan na takardun ruwan hoda, shi ne ɗan takarar NPP, ya kuma kira Mahama ya amsa kaye tun hukumar zaɓe ba ta bayyana sakamako ba.