Ɓarawon da mai gida ke buɗe wa ƙofa

A watan Oktoba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta ja kunnen masu wayar Android kan wata muguwar manhaja mai suna Flubot. Saƙo ne ke shigowa, wai an aiko maka da kaya, ka danna ka ga inda suka tsaya. Da ka sauke manhajar, sai ta kwashe bayanan bankinka, ta karanta saƙonninka, ta kuma tura tarkon ga lambobin da ke wayarka.

Kada ka ce wannan matsalar 'yan birni ce. Yau kuɗin albasar Aliero da cinikin kasuwar Jega ta waya suke shigowa, kuma a gidaje da yawa, daga Maiyama har Kuberi, ɗan makaranta ake miƙa wa wayar ya duba ko alat ya shigo. Ke nan kai ne mai gadin asusun Baba.

Miyagun manhajoji iri-iri ne. Bairos yana maƙalewa a jikin fayil, ya bi filashi ko memori daga wannan kwamfuta zuwa waccan, kamar yadda kan faru a shagon buga takardu. Tsutsa ba ta jiran kowa, da kanta take yaɗuwa ta intanet. Turojan ya samo suna daga tatsuniyar Girkawa ta dokin katakon da aka ɓoye mayaƙa a cikinsa: a ido wasa ne ko WhatsApp na jabu mai ƙarin kwalliya, a ciki kuwa ɓarawo ne. Manhajar leƙen asiri kuma lamo take yi, tana naɗar lambobin sirrin da kake dannawa.

Mafi muni ita ce mai garkuwa da bayanai. Ba ta ɗauke fayilolinka, kulle su take yi da makullin da mai ita kaɗai ya sani, sannan ta nemi kuɗin fansa. Ta farko ta ɓulla a 1989, lokacin da aka aika wa masu binciken cutar ƙanjamau dubban fayafayan kwamfuta ta gidan waya, aka nemi su tura dala 189 zuwa Panama. A watan Mayu na 2017, wata mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman dala 300 a kuɗin Bitcoin. Asibitoci a Ingila sai da suka mayar da marasa lafiya gida. Abin takaici, wata biyu kafin harin kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe kafar. Waɗanda suka yi sakacin sabunta kwamfutocinsu ne suka ji a jikinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, mene ne abin yi? Ka riƙa sauke manhaja daga Play Store kawai, ka bar karɓar wadda aboki ya turo ta Xender. In manhajar tocila ta nemi izinin karanta saƙonninka, goge ta. Saƙon da ya yi maka alkawarin data kyauta ko amsoshin WAEC, kada ka taɓa shi. In waya ta nemi sabuntawa, ka bar ta ta yi. Ka ajiye kwafin takardunka da hotunanka a wani wuri daban, domin biyan fansa ba ya tabbatar da dawowarsu. In kuɗi suka fita ba da saninku ba, ku hanzarta zuwa banki a rufe asusun.

Mai sha'awar wannan fanni kuma ya sani, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga mai yaɗa irin waɗannan manhajoji. Hanyar halak tana kusa: ana karantar kimiyyar kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, kuma bankuna da ma'aikatu na neman masu tsare musu bayanai.