Abin Da Ke Sa Kumbo Ya Faɗo Daga Sararin Samaniya

Sau da yawa jama'a kan tambaya, tun da an ce kumbo yana kewaya duniya ba tare da inji yana tura shi ba, me zai sa wata rana ya rikito ƙasa? Labarin Skylab ya isa amsa.

Ran 14 ga watan Mayu, 1973, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba Skylab, wani makeken ɗakin bincike mai nauyin kimanin tan 77. Tun a wajen tashi aka gamu da mishkila. Garkuwar da ke kare shi daga zafin rana ta yage, ɗaya daga cikin manyan fukafukansa biyu masu samar da lantarki ya ɓalle, ɗayan kuma ya maƙale. Sai da 'yan sama jannati uku, ƙarƙashin Charles Conrad, suka bi shi suka kafa masa wata irin laima, suka kuma ɓamɓare fiffiken da ya maƙale. Ayari uku suka zauna a cikinsa. Na ƙarshe ya yi kwana 84, ya baro shi a watan Fabrairu, 1974.

To, a lura da wannan. Kumbo ba tsaye yake a sama ba. Gudu yake na kusan kilomita 28,000 cikin awa guda, yana kewaye duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi. Duniya tana janyo shi kullum, amma saboda tsananin gudun nan sai ya yi ta zagaya ta maimakon ya faɗo. Sai dai ko a nisan kilomita 435, inda aka ajiye Skylab, akwai ɗan ɓurɓushin iska. Iskar nan tana rage masa gudu sannu a hankali, shi kuwa yana ta gangarowa inda iskar ta fi kauri.

Masana sun yi zaton zai daɗe har a gama ƙera jirgin Space Shuttle, a je a ɗaga shi. Lissafin bai ci ba. A shekarun nan rana ta ƙara tsananta, iskar can sama ta yi zafi ta kumbura, ta riƙa jan Skylab fiye da yadda aka ƙiyasta. Jirgin da ake jira kuwa bai tashi ba sai 1981.

Hankalin mutane ya tashi ƙwarai, kuma ba a ga laifinsu ba, don a watan Janairu, 1978, tauraron Tarayyar Sobiyet mai suna Kosmos 954 ya tarwatse a arewacin Kanada, ya watsa tarkace mai gubar nukiliya. Skylab ba ya ɗauke da irin wannan, girmansa ne abin tsoro. Ran 11 ga watan Yuli, 1979, ya shigo, gogayya da iska ta ƙone mafi yawansa, ragowar ta zuba a Tekun Indiya da yammacin Ostareliya. Ba wanda ya ji rauni. Hukumar garin Esperance ma, cikin raha, ta ci tarar NASA dala 400 saboda zubar da shara.

Kada a ɗauka abin na nesa ne kawai. A watan Mayu, 2020, ƙarafan wata rokar ƙasar Sin sun faɗo a wasu ƙauyukan Kwaddibuwa. Bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1972, ƙasar da ta harba kumbo ita ke biyan diyyar ɓarnar da ya yi a doron ƙasa. Saboda haka wanda ya tsinci baƙon ƙarfe da ake zaton daga sama ya faɗo, kada ya taɓa shi, kada ya kai wa maƙeri, domin wani yakan zo da ragowar mai mai guba. A kori yara da dabbobi daga wurin, a sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.