Dazuzzukan Arewacin Zamfara: Dukiyar Da Ta Koma Abin Tsoro

A ƙasashe da yawa na duniya, daji mai namun jeji dukiya ce babba wadda ake tattalinta kamar yadda manomi ke tattalin gonar gado. A ƙasar Gabon, alal misali, a shekarar 2002 Gwamnati ta keɓe manyan gandayen daji guda 13, cikinsu har da Loango wanda ke can gefe a bakin teku, inda baƙo ke ganin giwa da ɓauna suna yawo a kan rairayin gaɓa. Masaukan da ake gina wa baƙi a irin waɗannan wurare ƙanana ne, na itace da ciyawa, wutarsu ta hasken rana, kuma abin da ake nema shi ne baƙo ya zo ya kashe kwarkwatar idonsa ya tafi ba tare da ya ɓata wurin ba, mutanen ƙauye kuma su sami abin sawa a bakin salati.

To, mu nan arewacin Jihar Zamfara ba mu da teku, amma Allah bai hana mu daji ba. Mai karatu ya dubi ƙasar da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi: ga gulbin Gagare, ga na Bunsuru, ga fadamu, ga dajin Dumburum da na Sububu, ga kuma dajin Rugu can gabas a kan iyakar Katsina. Abin tambaya shi ne, me ya sa abin da yake arziki a wurin wasu ya zama masifa a wurinmu?

Tun ba yau ba matafiya ke jin tsoron dazuzzukan wannan yanki. A shekarar 1853 Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya biyo ta Zurmi a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, kuma da ayarinsu ya shiga dajin Gundumi sai da suka yi tafiyar awa 26 ba su yada zango ba, saboda tsoron mahara da rashin ruwa. Bayan zuwan Turawa, a shekarar 1919, aka keɓe Gandun Dajin Zamfara, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa, watau Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja, aka shata musu iyakar gonakinsu. Daga baya, cikin shekarun 1960, aka mai da gandun wurin kiwo, aka haƙa madatsun ruwa domin dabbobin makiyaya. A wancan zamani malamin daji mutum ne mai kwarjini, ba mai sare kirya ko marke ko maɗaci sai da takardar izini, sarakunan ƙasa kuma sun san wanda ya shiga daji da wanda ya fita.

Sannu a hankali wannan tsari ya sukurkuce. Jama'a ta ƙaru, farin da aka yi a shekarun 1973 da 1984 ya koro mutane da dabbobi daga arewa, aka shiga yanka gonaki a cikin gandu da kan burtali, masu itace da masu gawayi suka dinga lodin motoci zuwa birane. Ma'aikatan gandun daji suka ragu, waɗanda suka saura kuma ba abin hawa, ba kayan aiki. Namun daji suka yi ta ƙaura. Har cikin shekarun 1990 ana ganin garken giwaye yana kai da kawowa tsakanin dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi da dazuzzukan kan iyakar Nijeriya, amma yaran da aka haifa bayan nan, gwanki da jimina da giwa sai dai su ji su a tatsuniya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Hukuma ta janye ƙafa, manomi da makiyayi kuma suka daina ganin dajin a matsayin nasu, sai ɓarayin shanu suka mai da shi maɓoya, kuma daga wajen shekarar 2011 abin ya rikiɗe ya zama fashi da satar mutane. Har ta kai a watan Satumba na 2021 Gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako a Jihar, abin da ya taɓa har babbar kasuwar Shinkafi.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya lalace ba ya gyaruwa, domin ga misali nan a wurin maƙwabtanmu. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa waɗanda su ne kaɗai irinsu da suka rage a Afirka ta Yamma. A shekarar 1996 an ƙidaya su ba su wuce 49 ba. Gwamnati ta tsananta dokar hana farautarsu, ƙungiyoyin kare dabbobi kuma suka shiga haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi da ba mata rancen jari, samarin yankin suka kafa ƙungiyar 'yan rakiya suna kai baƙi kallo ana biyansu. Raƙuman dawan nan suna yi wa manoma ɓarnar wake da mangwaro, amma da mutane suka ga amfanin da ke biyo bayansu sai suka haƙura da su. Kafin shekarar 2018 yawansu ya haura 600, har a watan Nuwamba na wannan shekara aka ɗebi 8 aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 rabon da a ga irinsu.

Labarin Kure yana da wani darasi mai ɗaci. Ran 9 ga watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, direbansu da ɗan rakiyarsu, suna cikin kallon raƙuman dawa. Nan take aka rufe wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa, aikin da aka yi shekara da shekaru ana ginawa ya tsaya cik a yini ɗaya. Ashe ko namun daji sun cika daji maƙil, in babu zaman lafiya ba mai zuwa kallonsu.

Saboda haka wanda zai ce a gina masaukin baƙi a Dumburum a yau ya ɗora wa jaki kaya ne kafin ya yi masa akumari. Farkon aiki shi ne a dawo da doka cikin daji. Sa'an nan a sake shata iyakokin gandu da burtali tare da sarakuna da arɗo-arɗo da manoma, a ɗauki 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye aikin tsaron daji da albashi mai tsoka, domin ba wanda ya san lungunansa kamar su. Maharbin da ya san sawun gada da na barewa, shi ne gobe zai zama ɗan rakiyar baƙi. A kuma rubuta a doka cewa wani kaso na duk kuɗin da dajin ya kawo zai koma ga rijiya da makaranta da ɗakin shan magani na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi.

In an yi haka, baƙin farko ba lalle ne su fito daga Turai ba. Gandun Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, 'yan makaranta da iyalai na ƙasar nan ne suka fi ziyartarsa. Yankinmu kuwa yana da abin da zai ƙara wa baƙo bayan daji: ga Dutsi a ƙasar Zurmi, inda tarihi ya ce nan ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara, ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda inda dogo ya tsaya a 1929, ga fadamun Shinkafi da tsuntsayensu in damina ta ja baya. Masauki kuwa ba sai na siminti da gilashi ba. Magina na gargajiya sun iya soro da azara mai sanyi lokacin bazara, mata kuma sun iya tuwo da fura da nonon da baƙo zai tafi yana santi.

Itacen kuka da tsamiya ba sa girma a shekara ɗaya, namun dajin da suka gudu kuma ba sa dawowa da sanarwar rediyo. Muna kira ga Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi da masarautun Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su sa maganar gandun daji cikin duk shirin da suke yi na samar da tsaro, domin dajin da aka kori ɓarayi daga cikinsa aka bar shi ba mai shi, wasu ɓarayin ne za su gaje shi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.