Abin da ke sa kiɗan kwamfuta zamewa a situdiyo

A ƙananan situdiyon waƙa na Kaduna, daga Unguwar Kanawa zuwa Kawo, matsalar sananniya ce: makaɗi ya danna fiyano, sautin ya fito a makare, mawaƙi ya rasa inda zai ɗora murya. Ga shi an biya kuɗin aiki, ranar biki kuma ba ta jira.

Kwamfuta ba ta sakin sauti nan take, sai ta tara shi ƙunshi-ƙunshi. Idan tana sarrafa gutsuren sauti 44,100 a daƙiƙa, ƙunshi mai gutsure 512 na jawo jinkirin kusan milisakan 12, wato kashi 12 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Kunne na iya sabawa da jinkirin da ba ya canzawa. Mai ɓata kiɗa shi ne wanda ke sauyawa, wannan bugu ya riga, wancan ya makara. Hakan na faruwa idan manhaja ta dogara da agogon Windows, wanda galibi ke motsawa duk bayan milisakan 15.6.

Shi ya sa masu rubuta manhajojin kiɗa ke ƙirga lokaci da gutsuren katin sauti, su tsara kowane bugu tun kafin lokacinsa.

Ga masu amfani da FL Studio, mafita ita ce kunna ASIO, tsarin kamfanin Steinberg na Jamus, a rage ƙunshin zuwa 128 lokacin ɗaukar murya. Jinkirin zai koma kusan milisakan 3. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi, sautin ya fara kakkaryewa, sai a ɗaga zuwa 256.